Kurkukun Rumawa da rubutun Kiristocin farko: ta ina wasiƙun suka riƙa fita?

Malam Ishaya: Jama'a barkanmu da warhaka. Akwai maganar da nake so mu baje ta a faifai. Cikin wasiƙu 13 da ke ɗauke da sunan Manzo Bulus a Sabon Alkawari, biyar sun nuna mai rubutun yana ɗaure: Filibiyawa, Filimon, Kolosiyawa, Afisawa da Timoti ta biyu. Ka wuce nan ka tarar da wasiƙu bakwai na Ignatiyus, bishop na Antakiya, waɗanda ya rubuta a hanya sojoji na tisa ƙeyarsa zuwa Roma. Ka ƙara gaba, ga abin da Farfetuwa, wata matashiya Kirista, ta rubuta a kurkukun Kartaj, a Tunisiya ta yau, a shekara ta 203. Wane irin kurkuku ne wannan da mutum ke ciki yana karɓar baƙi, yana yi wa magatakarda shifta, yana tura 'yan aike? Ni a ganina ba sauƙin kurkukun ne ya haifar da rubutun ba, sakacinsa ne. Hukuma ba ta damu da cikin ɗaurarre ba. In ba ka da mai kawo maka abinci da mayafi, yunwa da sanyi su gama da kai tun kafin alƙali ya tuna da kai. Dole aka bar ƙofa ga 'yan'uwa, kuma ƙofar da abinci ya shiga, ta nan wasiƙa ta fita. Masana sai ku gyara mini.

Barista Hauwa: Malam, kafin a yi nisa bari in share fage ta ɓangaren doka. A wurin Rumawa, a ƙa'ida, ɗauri ba ya cikin jerin hukunce-hukunce. Abin da alƙali ke yankewa shi ne tara, bulala, kora daga gari, tura mutum tsibiri, aikin gwale-gwale, haƙar ma'adinai, ko kisa ta hanyar takobi, gicciye, wuta ko namun daji. Ulfiyan, babban masanin shari'arsu na farkon ƙarni na 3, ya faɗi ƙarara cewa kurkuku wurin tsare mutane ne, ba wurin hukunta su ba. Maganar tana cikin kundin da Sarki Justiniyan ya sa aka tattara a 533. Wato mutum yana ciki ne yana jiran shari'a, ko an riga an yanke masa yana jiran hauni. Ba wa'adi, ba ranar fita. Wanda ya san halin masu jiran shari'a a gidajen gyaran halinmu na Najeriya, waɗanda su ne ma suka fi yawa a ciki, zai gane nauyin wannan.

Danjuma: Anti Barista, a yi haƙuri, amma wannan maganar ta Ulfiyan ai yanke ta ake yi. Karanta jimlar da ke gabanta. Cewa ya yi gwamnoni sun saba yanke wa mutane hukuncin zama a kurkuku ko cikin sarƙa, amma bai kamata su yi ba. Mutum ba ya hana abin da ba a yi. Maganarsa shaida ce cewa ana ɗaure mutane a matsayin horo, shi dai bai ji daɗin hakan ba.

Barista Hauwa: Shi ya sa na ce a ƙa'ida. Abin da ke takarda daban, abin da gwamnan lardi ke yi da wanda ba shi da kowa daban.

Malam Garba: Danjuma yana da hujja, bari in ƙara masa wata. A watan Disamba na shekara ta 63 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da majalisar dattawan Roma ta zauna kan mutanen da aka kama da hannu a makircin Katilina na kifar da gwamnati, Yuliyus Kaisar ya kawo shawarar a ƙwace dukiyarsu, a rarraba su garuruwan Italiya a ɗaure, kuma kada wani ya sake tayar da zancensu. Ɗaurin rai da rai ke nan. Kato, wani ɗan majalisar, ya tashi ya rushe shawarar, aka kai mutum biyar Tuliyanum aka shaƙe su a daren. To ka ga tunanin yana nan, ba baƙo ba ne a wurinsu.

Shi Tuliyanum ɗin kuwa yana nan har yau a gindin tudun Kafitol, dab da dandalin Roma. Salust, marubucin tarihin Roma, ya kwatanta shi: rami ne mai zurfin kamar ƙafa 12 a ƙarƙashin ƙasa, an rufe samansa da dutse, ga duhu, ga ƙazanta, ga wari. Nan aka jefa Jugurta, sarkin Numidiya, wato yankin Aljeriya ta yau, a shekara ta 104 kafin Miladiyya, bayan an zagaya gari da shi cikin bikin nasarar Mariyus. Marubucin Girka Fulutak ya ce kwana shida ya yi yana fama da yunwa. Basinjetoriks na Gol, wato yankin Faransa ta yau, wanda ya miƙa wuya ga Kaisar a Alesiya a 52, sai da ya yi shekara shida a tsare kafin a kashe shi a 46. Simon bar Giyora, jagoran tawayen Yahudawa, a Roma aka kashe shi bayan bikin Titus a 71 Miladiyya.

Saratu: Malam Garba, ba nan ne aka ce an tsare Bitrus da Bulus ba? Wata 'yar majami'armu da ta je Roma ta nuno mana hotonsa, har da maɓuɓɓugar ruwa da aka ce Bitrus ya yi wa masu gadi baftisma da ita.

Rabaran Yakubu: 'Yata Saratu, haka masu ziyara ke ji, kuma akwai majami'a da aka gina a kansa. Amma labarin ya zo ne ƙarnuka bayan manzannin. Babu shi a Littafi Mai Tsarki, babu shi a rubutun ubannin ikilisiya na farko. Maɓuɓɓugar ma ta girmi Kiristanci. Abin da Ayyukan Manzanni 28 ya faɗa shi ne an bar Bulus ya zauna shi kaɗai da soja mai gadinsa, ya yi shekara biyu cur a gidan da yake biyan haya, yana karɓar duk wanda ya zo. Ɗaurin talala ne, sai dai akwai sarƙa, don shi da bakinsa ya ambace ta a gaban shugabannin Yahudawan Roma.

Barista Hauwa: Wannan ma Ulfiyan ya yi bayaninsa, Baba. Ya ce gwamna ne ke duba ko a jefa mutum kurkuku, ko a damƙa shi ga soja, ko a ba da shi ga masu tsaya masa, ko a bar shi a kan alkawarinsa. Da me ake aunawa? Girman laifin, da martabar mutumin, da yawan dukiyarsa. A rubuce yake, ba a ɓoye ba. Agaribas, jikan Hirudus, da Sarki Tibariyas ya ɗaure shi, marubucin tarihin Yahudawa Yusifus ya ce an nema masa sojoji masu sauƙin hali, an bar shi yana wanka kullum, 'yantattun bayinsa da abokansa na shigo masa da abinci da tufafi. Wata shida ya yi. Da Kaligula ya hau mulki ya sake shi, har ya ba shi sarƙar zinariya mai nauyin ta ƙarfen da ya sha. Talaka kuwa sai ɗakin can ciki da turu.

Danjuma: To ai nan nake da matsala da Ayyukan Manzanni. Ku lura da yadda littafin ke wanke Rumawa. Jarumin soja Yuliyus mutumin kirki, gwamna Fastus ya ce bai ga laifin kisa a wurin Bulus ba, Agaribas na biyu ya ce da an sake shi in ba don ya ɗaukaka ƙara ba, mai gadin kurkukun Filibi ya wanke wa Bulus da Sila raunuka ya kai su gida ya ba su abinci. Kullum jami'in Roma mai hankali ne. Ni ina ganin marubucin yana lallashin hukuma ne, yana nuna Kiristoci ba 'yan tawaye ba ne. In kana son sanin abin da Bulus ya sha, karanta shi da kansa. A Korintiyawa ta biyu 11:23 ya ce ya fi sauran shan ɗauri. Ya rubuta wannan kafin a kama shi a Urushalima, alhali zuwa lokacin ɗauri ɗaya tak Ayyukan Manzanni ya ba mu, daren Filibi. Sauran fa? A Romawa 16:7 ya kira Andaranikus da Yuniya abokan ɗaurinsa. A ina? Littafin bai faɗa ba.

Rabaran Yakubu: Danjuma ɗana, kana karatu, na yaba. Amma ka yi adalci. Littafin da ka ce yana wanke Rumawa shi ne ya ce mahukuntan Filibi sun sa an tuɓe Bulus da Sila an yi musu dukan tsiya ba tare da shari'a ba, aka jefa su can cikin kurkuku aka sa ƙafafunsu a turu. Shi ne ya ce gwamna Filikus ya riƙe Bulus shekara biyu a Kaisariya yana yawan kiransa don yana sa ran za a ba shi toshiyar baki, kuma da zai bar mulki ya bar shi a ɗaure don ya faranta wa Yahudawa. Shi ne ya ce sojojin cikin jirgi sun so su kashe fursunoni duka da jirgin ya farfashe kada wani ya tsere. Mai lallashi ba ya rubuta cewa gwamna maciyin hanci ne. Cewa bai kawo duk ɗaurin Bulus ba kuwa, ai bai yi alkawarin kawowa ba.

Danjuma: Baba, Filikus ai an riga an tsige shi da ƙaurin suna, marubucin tarihin Roma Tasitus ma ya zage shi. Zagin wanda ya faɗi ba jarumta ba ce.

Malam Ishaya: Ku dakata, kada mu bar jaki mu koma dukan taiki. Ko Luka, wanda ake danganta littafin gare shi, ya sassauta ko bai sassauta ba, akwai aya ɗaya a labarin Kaisariya da ta taɓa abin da na fara da shi. Ayyukan Manzanni 24:23: Filikus ya umarci jarumin soja kada ya hana mutanen Bulus yi masa hidima. Hidimar nan ita ce rayuwarsa. Ku ɗauki Filibiyawa ku karanta ta da wannan idon. Me ya kawo wasiƙar? Ikilisiyar Filibi ta tara gudummawa ta ba Abafaroditus ya kai wa Bulus. Abafaroditus ya kwanta ciwo har ya kusa mutuwa. Labari ya koma Filibi, hankalinsu ya tashi, labarin tashin hankalinsu ya dawo wa Abafaroditus, shi ma ya damu. Bulus ya mayar da shi gida da wasiƙa a hannu, a ƙarshenta kuma ya rubuta cewa ya karɓi saƙon duka, har ya yi masa yawa. Da hukumar Roma tana ciyar da fursunoninta, wa zai aiko Abafaroditus? Wasiƙar da ake wa'azin farin ciki da ita duk Lahadi, asalinta takardar godiya ce ta wanda aka kai wa guzuri a ɗaure.

Timoti ta biyu ta fi fito da abin fili. Ka zo mini da alkyabbar da na bari a Taruwasa wurin Karbus, da littattafan, musamman fatun nan. Ka yi ƙoƙari ka iso kafin damina mai sanyi ta shigo, wato hunturunsu, lokacin da jiragen ruwa ke daina tafiya. Dimas ya gudu, Luka kaɗai ya rage. Wannan ba maganar tauhidi ba ce, maganar mai jin sanyi ce.

Saratu: Wannan ya sa na fahimci Matiyu 25 daban. Ina kurkuku kuka ziyarce ni, an jera shi tare da yunwa da ƙishi da tsiraici. Ashe ziyarar ba ta gaisuwa ba ce kawai.

Rabaran Yakubu: Ƙwarai. Kuma da haɗari a ciki. Ka je ka tsaya ƙofar kurkuku da ƙwarya a hannu kana neman wanda ake tuhuma da ƙin allolin gari, ai ka nuna kanka. Shi ya sa Ibraniyawa 10 ta haɗa juyayin ɗaurarru da ƙwace dukiyar masu juyayin, sura ta 13 kuma ta ce ku tuna da su kamar tare kuke a ɗaure. Sai kuma kunya. Mu yau mun saba jin "Bulus ɗaurarre" har ba ya yi mana nauyi a kunne. A duniyar da mutunci shi ne jarin mutum, sarƙa tana zubar da kai da duk wanda ya raɓe ka. Don haka aka yabi Onisifaras da cewa bai ji kunyar sarƙar Bulus ba, ya neme shi ruwa a jallo a Roma har ya same shi. A Filibiyawa 1 kuma Bulus ya ce akwai masu wa'azi don hassada, suna so su ƙara masa wahala a ɗaurinsa. Akwai 'yan'uwa da suka ga ɗaurin a matsayin abin kunya ga bishara. Abin da Bulus ya yi shi ne ya juya abin. Wasiƙar Filimon ba ta fara da "Bulus manzo" ba, ta fara da "Bulus ɗaurarre na Almasihu Yesu". Abin da ake so a rufe, shi ya sa a gaba, kuma da shi ya roƙi Filimon a kan bawansa Unisimas.

Danjuma: Baba, na san ba za ka so wannan ba, amma masana da yawa ba su yarda Bulus ne ya rubuta Afisawa da Timoti ta biyu da hannunsa ba, wasu har da Kolosiyawa. Suna ganin almajiransa ne bayan rasuwarsa. In haka ne, to maganarka ta ƙara ƙarfi ma: wanda ya so a saurare shi da sunan Bulus, sai ya sa wa Bulus sarƙa. Sarƙar ta zama hatimi.

Rabaran Yakubu: Na san zancen tun kana goye. Ban karɓe shi ba. Mai ƙirƙira ba ya ɓata tawada a kan tsohuwar alkyabba.

Danjuma: Ko kuma gwanin mai ƙirƙira shi ne zai yi hakan.

Malam Garba: Wannan tsakaninku ne, ni ɗan kallo ne. Abin da zan kawo shi ne shaidar wanda ba ya ƙaunar Kiristoci ko kaɗan, don irin wannan shaidar ta fi daraja a tarihi. Lusiyan na Samosata, marubucin barkwanci na ƙarni na 2, ya ba da labarin wani Feregirinus da ya shiga cikin Kiristocin Falasɗinu har aka ɗaure shi. Lusiyan yana yi musu dariya ne, amma ku ji abin da ya zayyana: tun da asuba tsofaffin gwauraye mata da marayu suna jira a bakin kurkuku, manyansu sun ba masu gadi cin hanci suna kwana ciki tare da shi, ana shigo da abinci iri-iri, ana karanta littattafansu masu tsarki, har daga garuruwan Asiya aka turo wakilai da kuɗin jama'a. Ya ce mutumin ya tara abin duniya ta wannan hanya. Feregirinus ɗin daga baya ya rabu da su, ya ƙone kansa a Olimfiya a 165. Ko Lusiyan ya ƙara gishiri, tsarin da ya kwatanta shi ne wanda Malam Ishaya ke magana a kai.

A gefe guda, abin ya tuna mini da Imam Sarakhsi, wanda aka ruwaito ya yi wa ɗalibansa shiftar Al-Mabsut yana tsare a Uzjand. Amma wannan wani zamani ne, kada in karkatar da ku.

Malam Ishaya: Madalla. Ignatiyus ma haka. A zamanin Sarki Tarajan aka ɗauko shi daga Antakiya, ya ce an ɗaure shi da damisa goma, yana nufin sojojin rakiya, waɗanda in an kyautata musu sai su ƙara mugunta. Kyautatawar me? Ai kun gane. Duk da haka da suka yada zango a Simirna, Izmir ta yau, wakilan ikilisiyoyin Afisa da Magnesiya da Taralis suka zo suka same shi, ya rubuta wasiƙu huɗu a nan, uku kuma a Taruwasa. Ya kira sarƙarsa lu'ulu'u na ruhu. Kuma ku duba me ya yi da darajar da sarƙar ta ba shi: kusan kowace wasiƙa cewa yake ku bi bishop, kada ku yi komai ba tare da bishop ba. Wanda za a jefa wa namun daji in ya yi magana, wa zai yi masa musu?

Saratu: Ni dai Farfetuwa ce ta tsaya mini a rai, kuma na ga kun ambace ta kun wuce. 'Yar kimanin shekara 22, 'yar gidan mutunci, da jariri a nono. Ta ce da aka shigar da su ta firgita, don ba ta taɓa ganin duhu irin wannan ba, ga zafi saboda cunkoso, ga sojoji na tatsar su, ga damuwar ɗanta. Sai dikinoni biyu, Tartiyus da Fomfoniyus, suka biya kuɗi aka fito da su wani sashe mai dama-dama na 'yan sa'o'i. Nan ta shayar da yaron da yunwa ta riga ta galabaitar. Da aka yarda ya zauna da ita, ta ce nan take kurkukun ya zame mata fada. Babu wanda ya rubuta wannan a madadinta yana zaune a inuwa. Mahaifinta yana zuwa yana sumbatar hannunta yana kuka, yana cewa ki ji tausayin furfurata, ita kuma ta rubuta cewa ta yi baƙin ciki dominsa. Ga Filisita, baiwa mai cikin wata takwas, wadda doka ta hana a kashe ta sai ta haihu, ta haifi 'ya mace a kurkukun kwanaki kaɗan kafin ranar wasan da za a jefa su ga namun daji.

Danjuma: Akwai masu shakkar ko ita ta rubuta da kanta, ko wanda ya haɗa littafin ne ya gyara.

Saratu: Kai kam komai sai ka yi shakka. Mai haɗawar ya faɗa da bakinsa cewa daga nan labarinta ne yadda ta bar shi da hannunta, kuma salon ya bambanta da nasa. Ta rufe da cewa abin da zai faru ranar wasan, wanda ya so ya rubuta.

Rabaran Yakubu: Kuma mutanen Afirka ta Arewa sun riƙe littafin da ƙarfi, ana karanta shi a majami'a ranar tunawa da su, 7 ga Maris, har sai da Bishop Agustin, bayan shekara 200, ya tunatar da cewa ba ya cikin Nassi. Ku lura da wani abu a ciki da zai kai mu ga rigimar da ta biyo baya. Farfetuwa ta yi addu'a don ƙanenta Dinokaratis da ya rasu yana shekara bakwai, ta gan shi a mafarki ya samu sauƙi. Abokin ɗaurinta Saturus ya yi mafarkin bishop da dattijon ikilisiya sun faɗi a ƙafafunsu suna roƙon su sasanta su. Bishop a ƙafar ɗaurarru. An fara ganin wanda ke cikin sarƙa yana da wata alfarma a wurin Allah da mai kujera ba shi da ita.

Barista Hauwa: Kada daɗin labarin ya sa mu manta cewa da yawa ba su rubuta komai ba, mutuwa suka yi. Wasiƙar ikilisiyoyin Liyon da Biyen, a Faransa ta yau, ta 177, wadda Yusibiyus marubucin tarihin ikilisiya ya adana, ta ce an tura su wuri mafi duhu, an buɗe ƙafafunsu a turu har rami na biyar, da yawa numfashi ya ƙare musu a ciki. Bishop Fotinus, ɗan sama da shekara 90, kwana biyu ya yi ya cika. Sai kuma ma'adinai, hukuncin da ke dab da kisa: a yi maka bulala, a aske rabin kanka, a sa maka mari. Sifiriyan, bishop na Kartaj, ya rubuta wa waɗanda aka tura ma'adinan Numidiya a 257, ya haɗa da kuɗi, suka amsa masa daga Sigus suna godiya. Wasiƙa da guzuri tare, kamar dai na Filibi.

Malam Ishaya: To ga inda abin ya juye wa shugabanni. A 250 Sarki Desiyus ya ba da umarni kowa ya yi hadaya ga alloli ya karɓi takardar shaida. Kiristoci da yawa a Kartaj suka yi, wasu suka sayi takardar. Da ƙura ta lafa suka so komawa ikilisiya. Wurin wa za su? Bishop Sifiriyan ya ɓuya, yana tafiyar da al'amura ta wasiƙa. Sai suka nufi kurkuku, wurin waɗanda suka tsaya da ƙafarsu. Su kuma suka shiga ba da takardun sulhu, wasu ma ba suna, sai dai a rubuta a karɓi wane da mutanensa. Wani mai suna Lusiyan, ba na Malam Garba ba, ya riƙa bayarwa da sunan wani shahidi Bulus da ya riga ya mutu, daga baya ya aika wa Sifiriyan gajeriyar wasiƙa da sunan dukan waɗanda aka ɗaure saboda bangaskiyarsu cewa sun yafe wa kowa, a sanar da sauran bishop-bishop. Sifiriyan ya rasa yadda zai yi. Ba zai zagi mutanen da suka sha yunwa da ƙishi a ɗaure ba alhali shi yana maɓoya. Sai ya bi su da yabo yana ja musu linzami, a 251 kuma ya rubuta littafi kan waɗanda suka faɗi, yana cewa gafara ta Allah ce, kuma sai an bi ta hannun bishop da tuba. Da yawa daga cikin wasiƙunsa na wannan lokaci kokawa ce da ikon kurkuku.

Danjuma: Tartuliyan, marubucin Kirista na Kartaj, shi ma ai baki biyu ya yi. Wajen 197 ya rubuta wa ɗaurarru cewa duniya ce ainihin kurkuku, su sun fita ne, kuma ƙafa ba ta jin turu in zuciya tana sama. Da ya tsufa ya koma ɓangaren Montanus na masu tsanantawa, sai ga shi yana zargin ikilisiya da buɗe wa shahidan bogi gidajen abinci a kurkuku, har ya ambaci wani Firistinus da ya ce an ɗirka masa giya kafin a kai shi gaban alƙali.

Rabaran Yakubu: Tartuliyan ba ya magana da rabin baki, ko a dama ko a hagu. Amma Sifiriyan, kada a bar shi a maɓoya: an sare kansa a Kartaj ranar 14 ga Satumba 258. Kuma maganar abinci ba ƙarama ba ce. Rabuwar Donatawa, wadda ta raba ikilisiyar Afirka ta Arewa sama da shekara ɗari, cikin zarge-zargen da suka yi wa Kaisiliyan, bishop na Kartaj da suka ƙi yarda da shi, akwai cewa lokacin yana dikin ya sa mutane a ƙofar kurkukun Kartaj suna korar masu kawo wa ɗaurarrun Abitina abinci a 304. Abokan gabarsa ne suka rubuta, sai a yi hattara. Amma ka ga irin zargin da suka san zai kashe mutum a idon jama'a.

Saratu: To da sarakunan suka zama Kirista, an gyara kurkukun?

Barista Hauwa: A takarda, an taɓa. Dokar Kustantin ta 320 ta ce a gaggauta shari'a, kada a sa wa mai jiran shari'a ankwa mai cin ƙashi sai sarƙa mai sassauci, kada a bar shi cikin duhu, a fito da shi ya ga rana. A 340 aka ce a raba maza da mata. A 367 aka fara afuwar Ista ga masu ƙananan laifuka. A 409 aka umarci alƙalai su duba fursunoni duk Lahadi, a ba marasa galihu abinci, a kai su wanka. Amma a 386 Libaniyus na Antakiya, wanda ba Kirista ba ne, ya rubuta wa Sarki Tiyodosiyus cewa mutane na mutuwa a cunkushe ba wurin kwanciya, gwamnoni na wurin kallon wasa, gandirobobi na karɓar kuɗin man fitila daga ɗaurarru.

Danjuma: Kuma rubutun bai tsaya ba, mai ɗaurewar ne ya canza addini. Atanasiyus na Iskandariya sau biyar ana korarsa daga kujerarsa, huɗu daga ciki a hannun sarakuna Kirista.

Malam Garba: Haka ne, sai dai manyan limamai kora ake yi musu, ba rami ba, wato dai tsohon bambancin nan na martaba da Barista ta kawo. Yohanna Kirisostom, bishop na Kustantiniya, an tura shi Kukusus a tsaunukan Armeniya a 404. Daga can ya rubuta wasiƙu sama da 200, 17 daga ciki zuwa ga Olimfiyas, attajirar da ke tallafa masa. Mutane suka riƙa zuwa daga Antakiya suna ziyartarsa, abin ya dami fada, aka ba da umarni a matsar da shi can gaɓar Baƙin Teku inda wasiƙa za ta yi wuyar kaiwa. Sojoji suka tasa shi a ƙafa, ya rasu a hanya kusa da Komana a watan Satumba na 407.